Yawan ambato ne ke nuna mai binciken da ya fi amfani? Muhawara kan aikin André Briend da binciken tamowa

Zainabu_M2
Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina da maganar da nake son manyanmu su sa baki. A ajinmu na mastar a nan Yamai an ce kowa ya zaɓi mai bincike ɗaya a fannin abinci mai gina jiki, ya gabatar da gudummawarsa, ya kuma nuna yadda sauran masana suka yi aiki da abin da ya rubuta. Ni na ɗauki André Briend, likitan nan na Faransa da suka haɗa Plumpy'Nut shi da Michel Lescanne a 1996. Da na bi rubuce-rubucensa sai na ga abu biyu da muke gani kullum a CSI, ƙananan asibitocinmu, duk akwai hannunsa: Plumpy'Nut ɗin, wato ledar gyaɗar da ake ba yaro mai tamowa, da zaren awon damtse. Tun 1987 ya fitar da bincike a mujallar Lancet daga ƙauyukan Bangaladash, ya nuna cewa kaurin damtse yana fallasa yaron da ke bakin mutuwa. Har gobe masana suna ambaton waɗannan ayyuka.

Ra'ayina shi ne, duk aikin da ya yi amfani, dole masana su yi ta ambatonsa. Saboda haka yawan ambato ma'auni ne na gaskiya, wanda ya fi kowa ambato ya fi kowa amfanar mutane. Wani ɗan ajinmu ya ƙi yarda. Ku me kuka gani?

Bako227
Wa alaikumus salam. Malama Zainabu ina bayanki. Lamba ba ta san ɗan wane ba. Da tun farko ita ake dubawa, da ba a riƙa ɗaga mutum don kawai ya iya magana a rediyo ba.

MalaminLabo
Ɗiyata Zainabu, kin zaɓi mutumin kirki, amma hujjar da kika ɗora a kansa tana da rauni. Bari mu fara da yadda ake lissafin.

Idan wani ya rubuta maƙala ya sa aikinki cikin hujjojinsa, an ƙirga miki ambato ɗaya. Shi ke nan. Na'ura ba ta tambayar ko yabonki ya yi ko ƙaryata ki ya yi. Ita kuma lambar h da kuke ta kallo, wani masanin fiziya ne a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya fito da ita a 2005. In an ce lambar h ɗinki 20 ce, ana nufin kina da maƙala 20 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 20. Kuma wurare uku da ake dubawa ba sa ba da amsa ɗaya. Google Scholar yana kwashe komai, har kundin digiri da rahoton ƙungiyoyi. Scopus da Web of Science mujallun da suka zaɓa kawai suke ƙirgawa. Mutum ɗaya, lamba uku.

Yanzu ki duba fanninmu na ilimin halittu. A 2014 mujallar Nature ta sa an lissafo maƙalun da aka fi ambata a tarihi, wadda ta zo ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokansa ta 1951, an ambace ta sama da sau 300,000. Me ke cikinta? Hanyar auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji. Aiki ne mai kyau, ni kaina na koyar da shi. Amma dalilin yawan ambatonsa shi ne duk wanda ya auna furotin a labo dole ya faɗi hanyar da ya bi. A ɗaya gefen ga Gregor Mendel, wanda ya wallafa aikinsa kan yadda ake gadon halitta a 1866, aka yi shiru da shi har 1900. Da lissafin ambato za a bi a wancan zamani, da an ce bai yi komai ba.

Likitan_Yara
Gyara kaɗan ga ƙanwata Zainabu, don kar ta faɗa a gaban aji. Ba Briend ne ya ƙago awon damtse ba. An yi aiki da shi tun lokacin yaƙin Biyafara a ƙarshen shekarun 1960, kuma zaren mai launi uku ya fito a shekarun 1970, ana kiransa da sunan Shakir. Abin da Briend ya ƙara shi ne hujjar cewa wannan awo yana hasashen mutuwa, wani lokaci ma fiye da auna nauyi da tsawo. Irin wannan hujja ce ta taru har a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga iyakar tamowa mai tsanani daga milimita 110 zuwa 115.

Haka ita ma ledar. An gina ta ne a kan madarar jinyar tamowa ta F100 da su Michael Golden suka tsara. Briend ya cire ruwa, ya sa gyaɗa a madadin wani ɓangare na madarar, sai ya zama abin da ƙwayar cuta ba ta iya yaɗuwa a ciki. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ba da kalori 500. Rahoton farko da ya fitar a Lancet a 1999, daga gwajin da aka yi a Chadi, ɗan gajere ne ƙwarai. Sannan Steve Collins da Mark Manary suka nuna a Habasha da Malawi cewa ana iya jinyar yaro a gida. Sai 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da tsarin a hukumance. Kin ga aikin mutane da yawa ne, kowa ya ɗora nasa.

Dan_Adar
Salamu alaikum. Ni ba malamin jami'a ba ne, infirmiye ne, daga Tawa nike rubutu. Amma maganag ga ta taɓa ni, don na yi aikin tamowa a 2005.

Waɗanda ba su ga yadda ake yi da can ba, ba za su gane ba. Yaro mai tamowa sai an kwantar da shi. Madara ake damawa da ruwa mai tsabta, a ba shi cikin awowi ƙidayayyu, dare da rana. Uwa ta zauna makonni, ta baro sauran ɗiya gida, ta baro gona cikin damina. Da yawa sun tsere da ɗiyansu kafin a sallame su, kuma ban ga laifinsu ba. Gado kuma bai isa. Da leda ta zo, sai munka koma duba yaro: in yana cin abinci, babu zazzaɓi mai tsanani, babu kumburi mai yawa, a ba uwa na mako guda ta tafi gida ta dawo. Gado ya zama na waɗanda sunka galabaita kawai. Shekarag ga ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar ɗiya sama da 60,000 a ƙasag ga, galibi jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu a gida anka yi musu.

Mu da munka yi aikin, ko sunan mutumin ba mu sani ba sa'an nan. Babu ɗayanmu da ya taɓa ambatonsa a takarda. Amma kullum muna aiki da abin da ya yi. To mu a wane lissafi muke?

Zainabu_M2
Yaya Dan_Adar, Allah ya saka da alheri. Amma ka ga labarinka ma ni yake goya wa baya. Abin ya yi amfani a Maraɗi da Tawa, masana suka gani, suka yi ta rubutu a kai, ambato ya ƙaru. Amfanin ne ya jawo ambaton.

Dan_Adar
A wannan karon sun haɗu, ƙanwata. Ba kullum ba.

MamanNafisa
Ni inda abin ke min ciwo daban ne. Ku buɗe maƙalun da aka rubuta a kan yaran Nijar, ku karanta jerin sunaye. Wa ke farko? Wa ke ƙarshe? Waɗannan wurare biyu su ne masu daraja. Namu mutanen galibi a tsakiya za ka gan su, ko kuma can ƙasa wajen godiya.

Na yi aiki da wata ƙungiya a wani bincike, mu muka shiga ƙauyuka, mu muka shawo kan maigari da mazaje, mu muka gane cewa wata tambaya a takardar ba ta da ma'ana ga macen karkara muka sa aka sake ta. Mu muka lura cewa yaran da ake cewa sun ɓace ba ɓata suka yi ba, iyaye ne suka tafi cin rani da su. Wannan bayanin ya shiga cikin maƙalar. Sunanmu bai shiga ba. Yau duk wanda ya ambaci aikin, lambar wasu ke hawa. Shi ya sa in an ce min wane yana da ambato dubu kaza, nakan tambayi kaina mutum nawa ne suka sha rana a bayansa.

Bako227
Hajiya, da girmamawa, tara bayanai daban, rubuta maƙala daban. An biya mai tara bayanai albashinsa. Wanda ya nemo kuɗin, ya tsara binciken, ya yi lissafin, ya amsa tambayoyin masu tacewa, shi ne marubuci. In kowa za a sa, sai jerin sunaye ya fi maƙalar tsawo.

MamanNafisa
Malam Bako, ban ce a sa duk wanda ya riƙe sikeli ba. Na ce wanda tunaninsa ya canza sakamakon.

MalaminLabo
Ku biyun kowa yana da gaskiya a wani gefe. Ƙa'idar da kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya shimfiɗa ta ce marubuci sai ya cika sharuɗɗa huɗu: ya ba da gudummawa mai tsoka wajen tsarawa ko tarawa ko fassara bayanai, ya sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma ɗauki alhakin abin da ke ciki. Bako ya tsaya a nan. Amma ƙa'idar ta ci gaba ta ce duk wanda ya cika sharaɗin farko, wajibi ne a ba shi damar shiga sauran. Ba a yarda a hana mutum ganin rubutu sannan a ce bai yi rubutu ba. Abin da ya sami Hajiya ke nan. Shawarata ga matasa, ku yi maganar suna tun ranar da ake tsara aiki, a rubuta, kafin a shiga mota zuwa ƙauye.

Ɗalibi_Tawa
Malam, ni tambayata kan harshe ce. Mu da Faransanci muke karatu, da shi muke rubuta memuwar, wato kundin digiri. Amma duk manyan mujallun da ake ƙirgawa kusan da Ingilishi suke. Wani malaminmu ya yi aiki mai kyau kan abincin yaye da ake haɗawa da gero da wake da gyaɗa, ya wallafa a mujallar yankinmu da Faransanci. In ka neme shi a Scopus ba ka ganinsa. Shin wannan yana nufin bai yi aiki ba? Kuma ɗakin karatu cike yake da kundayen ɗalibai kan zogale, yakuwa, kuka, fara, duk an auna abin da ke cikinsu. Ƙura kawai suke sha. Wani ɗalibi zai zo ya sake auna abin da aka riga aka auna, don bai san an yi ba.

Tsohon_Kampus
Ɗana, abin da ka faɗa ya daɗe yana damunmu. Amma kar ku manta mu muna da namu ma'aunin. Malamin jami'a a Abdu Mumuni ko Jibo Hamani ta Tawa ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ba Google ke ƙara masa girma ba, CAMES ce, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska. A nan Yamai ma shugabannin ƙasashe suka yanke shawarar kafa ta a watan Janairun 1968, hedikwatarta na Wagadugu. Mutum yana haɗa takardunsa, kwamitin masana na fanninsa su zauna su karanta, su duba maƙalu, su duba koyarwa, su duba ɗaliban da ya yaye, kafin ya hau daga mataki zuwa mataki har farfesa. Mutane ne ke karantawa, ba na'ura ba. Illa dai yanzu su ma suna ƙara nauyi a kan mujallun da ke cikin manyan rumbunan nan, to ka ga an zagayo wuri ɗaya.

Hadiza_Biyo
Baba Tsohon_Kampus, wannan matsin ne ke jefa mutane hannun mujallun bogi. Akwatin imel ɗina kullum sai na tarar da saƙo: turo maƙalarki, za mu wallafa cikin kwanaki kaɗan, ki biya kaza. Babu mai tacewa, babu mai gyara. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tara sunayen irinsu kafin ya rufe jerin a farkon 2017. Na ga abokan karatu sun zuba kuɗinsu a nan, aikin da suka sha wahala a kai ya lalace, don babu mai mutunci da zai kafa hujja da shi.

Su kuma na gaskiyar tsada. Lokacin da Nature ta buɗe tsarin da kowa zai karanta kyauta a 2021, kuɗin da marubuci zai biya Yuro 9,500 ne, sama da miliyan 6 na sefa a kan maƙala guda. Maƙalar da kowa ke iya buɗewa ta fi saurin samun masu karatu. Wanda ke da kuɗi ya sayi hanyar a gan shi. Gaskiya wasu mujallu suna yafe wa ƙasashe irin tamu kuɗin in ka nema, kuma akwai Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 don mu riƙa karantawa kyauta. Ɗalibai da yawa ba su ma san da ita ba.

Akwai kuma masu ambaton kansu da kansu, da masu haɗa baki, ka ambace ni in ambace ka. Malam Bako, lambar da ka ce ba ta san ɗan wane ba, ana iya yi mata kiwo.

Bako227
Ana iya yi, amma ana kamawa. Scopus yana da wurin da za ka cire ambaton kai ka ga abin da ya rage. Don wasu suna maguɗi ba za a jefar da sikeli ba.

Mai_Irin_Gero
Ku ba manomi wuri. Duk maganarku a kan jinya take, bayan yaro ya riga ya rame. Ni a wajen iri nake aiki. A 2018 aka fitar da geron Chakti a ƙasar nan, aikin cibiyar binciken noma ta duniya ICRISAT da ke da reshe a Sadore tare da INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa. Shi ne geron farko a Afirka da aka inganta don ya ƙunshi sinadarin ƙarfe da zinki mai yawa, ƙarfensa ya haura miligiram 60 a kowane kilo, kuma yana nuna da wuri. Mai fitar da iri yakan yi shekaru yana haɗa wannan da wancan, yana jiran damina bayan damina, ƙarshe ya rubuta maƙala ɗaya ko biyu. Wanda ke zaune gaban kwamfuta yana tattara binciken wasu ya fitar da goma a wannan lokacin, kuma irin maƙalar tattarawa ita aka fi ambata. Ƙirga ambato kamar ƙirga dami ne a gona: sai an sussuka ake sanin tiya nawa ke ciki. Ni ma'aunina shi ne manomi nawa suka ajiye irin suka sake shukawa baɗi.

MamanNafisa
Malam Mai_Irin_Gero, madalla da Chakti, amma ƙarfen da ke cikin ƙwaya ba duka jiki ke sha ba. Gero yana da wani sinadari, fitat, da ke riƙe ƙarfe da zinki ya hana hanji ɗauka. Jiƙawa, tsiro da barin ƙullu ya yi tsami suna rage shi. Surfe kuma in ya yi yawa yana tafiya da wani kaso na ƙarfen cikin dusa. Wato yadda uwa ke sarrafa geron daga turmi zuwa kunu yana da nauyi kamar irin da aka shuka. Wannan shi ne binciken da nake so in ga ƴan jami'armu sun dage a kai: kunun yaye, fura, tuwo, yadda ake yinsu a gida. Na san ba zai jawo ambato daga Amurka ba, don su ba sa shan fura. Amma binciken ƙasa na 2022 ya nuna kashi 47 cikin ɗari na yaranmu ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Leda ba ta maganin wannan.

Dan_Adar
Hajiya kin tuna min da anza. Shekarun yunwa ita mutanenmu sunka ci, a jiƙa dilo kwana da kwanaki ana zubar da ruwa har ɗacin ya fita. Tsofaffin mata sun san ranar da ya kai a ci. Wanga ilimi ne, kuma mai shi ba ta da shafi a intanet.

Zainabu_M2
Na ji duka, kuma na ƙaru. Amma ku bar ni in dawo kan tambayata, don an yi nisa. Ban ce wanda ba a ambata ba bai yi aiki ba. Na ce wanda aka ambata da yawa, a fannin tamowa, alama ce aikinsa ya tsaya da ƙafarsa. Misali jerin maƙalun Lancet na 2013 da Robert Black ya jagoranta, inda aka ce rashin abinci mai gina jiki yana da hannu a kashi 45 cikin ɗari na mutuwar yara ƙanana. Babu takardar neman tallafi da ba ta ɗauko wannan lamba. Ashe ambaton bai zama kuɗi da magani ba?

Likitan_Yara
Ya zama, ƙanwata, a wannan kin yi daidai. Amma ga wasu misalai ki auna.

A 2013 wani bincike daga Malawi ya fito a New England Journal of Medicine, ya ce ba yara masu tamowa mai tsanani maganin kashe ƙwayoyin cuta yana ƙara yawan masu warkewa, yana rage mutuwa. Kowa ya ɗauka. Sai aka yi irinsa a nan gida, a Madarunfa, ƙungiyoyin Epicentre da MSF da FORSANI da ma'aikatar lafiya, Sheila Isanaka ce ta farko a jerin marubuta, ya fito a wannan mujalla a 2016. Yara kusan 2,400, rabi an ba su amoksisilin, rabi an ba su abin da ba magani ba. Wajen warkewa daga tamowa ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba, kusan kashi 66 da kashi 63, sai dai maganin ya rage yawan waɗanda aka tura asibiti a kwantar. Duka biyun ana ambatonsu sosai. In ni ne a gaban yaro a Madarunfa, yawan ambato ba zai gaya min wanne zan bi ba. Sai na karanta, na ga su wane yara aka gwada, akwai kumburi ko babu, akwai cutar ƙanjamau da yawa ko babu, asibiti na kusa ko nesa.

Na biyu, shekaru da dama manyan masana sun tafi a kan cewa babbar matsalar yaran ƙasashe matalauta ƙarancin furotin ce. An yi taruka, an kashe kuɗi, an ambaci juna. A 1974 Donald McLaren ya rubuta a Lancet cewa an yi kuskure, yawancin yaran abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba. Na uku ya fi muni: maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa. An janye ta a 2010 bayan an gano ba gaskiya ba ce, amma an ambace ta ba adadi, kuma ta sa iyaye da yawa sun guji rigakafi.

Bako227
Dokta, duk misalan nan na yarda da su. To a ba ni abin da za a sa a madadinsa. In an cire lamba, abin da zai rage shi ne wa ka sani, wa ya san ka. Mu da ba mu da kowa, lambar nan ce kaɗai ke iya yi mana magana a wajen da ba a san mu ba. Ɗan Nijar da ya rubuta abu mai kyau, wani a Indiya ko Brazil ya ambace shi, babu wanda zai iya goge wannan.

Hadiza_Biyo
A nan kam ina tare da Bako. Lokacin neman gurbin dakta a waje, abin da suka fara dubawa ke nan.

MalaminLabo
Babu wanda ya ce a jefar, Bako. Masanan da suka taru a San Faransisko a 2012 suka fitar da sanarwar da ake kira DORA, abin da suka nema shi ne a daina auna mutum da sunan mujallar da ya wallafa a ciki, a karanta aikin kansa. Kuma kada a gwada mutanen fanni daban da lamba ɗaya. Mai binciken ƙwayar halitta a babban labo yana cikin taron dubban masu rubutu, mai binciken abincin yaye a Sahel ƴan fanninsa ba su da yawa, ko duka sun ambace shi ba zai kamo wancan ba. Haka wanda ya shekara talatin yana aiki dole lambar h ɗinsa ta fi ta sabon dakta, don ba ta raguwa.

Ɗiyata Zainabu, ga yadda zan so ki gabatar da Briend. Ki kawo lambar, ki faɗi inda kika samo ta da ranar da kika duba, don tana canzawa. Sannan ki buɗe ƙa'idar jinyar tamowa ta ƙasa da ake aiki da ita a CRENI da CRENAS, cibiyoyin jinyar tamowa na kwanciya da na jeka-ka-dawo, ki nuna wane layi ne ya samo asali daga wane bincike. Wannan sawun ya fi wuyar bi, amma shi ne zai nuna wa ajinku abin da mutumin ya yi.

MamanNafisa
Ki ƙara da na Mirya. Ƙungiyoyin lafiya na ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna damtsen yaransu da kansu, kuma binciken da aka wallafa a 2015, wanda Briend na cikin marubutansa, ya nuna awon uwa yana dacewa da na ma'aikacin lafiya na ƙauye. Wanda ya biyo baya a 2016 ya nuna inda uwaye ke awo ana kawo yara da wuri, waɗanda ke buƙatar kwanciya sun ragu. Daga nan ƙasashe da yawa suka ɗauka. Wannan abu a jihar Damagaram aka fara gwada shi, da matan da yawancinsu ba su shiga lakwal ba.

Tsohon_Kampus
Tunda ana lissafin gudummawa, a faɗi ɗaya gefen ma. An yi wa ledar rajistar mallaka da sunan kamfanin Nutriset da cibiyar bincike ta IRD, duka na Faransa, kuma an yi ta jayayya a kai, wasu na ganin abin ceton rai bai kamata a ɗaure shi ba. Amma kuma tun 2005 kamfanin STA ke yin ta a nan Yamai. Ni tambayar da zan so wani ɗalibi ya bi ita ce, cikin kayan da ke shiga ledar, nawa ne daga gonakinmu? Gyaɗa muna nomawa, amma sai ta tsallake gwajin aflatoksin, gubar nan da ke fitowa in gyaɗa ta yi fumfuna a ajiya. Madarar gari kuwa daga waje take zuwa, kuma tana cikin abin da ya fi tsada.

Mai_Irin_Gero
Baba, maganar aflatoksin daga gona take farawa: lokacin cira, yadda ake shanya, inda ake ajiya. In fari ya kama gyaɗa gab da nuna, nan ma gubar tana ƙaruwa. A haɗa ɗalibin noma da na abinci su yi aikin tare.

Ɗalibi_Tawa
Ni dai har yanzu maganar kundayen nan ce a raina. In ɗalibai suka yarda, me zai hana a riƙa sa memuwar a intanet da taƙaitawa cikin Faransanci da Ingilishi? Google Scholar zai gan su, na baya kuma ya san inda aka tsaya.

MalaminLabo
Sai da izinin mai kundin da malamin da ya duba shi da jami'a. Kuma ba kowane kundi ya kai a fitar ba, wasu awon da ke ciki sai an sake dubawa. A fara da waɗanda alƙalai suka yaba, a taimaki masu su su mayar da su maƙala, ko a mujallun da ke cikin AJOL ne, rumbun mujallun Afirka na intanet.

Bako227
To kun gani, Malam. Ƙarshenta dai kowa so yake a gan shi a ambace shi.

MamanNafisa
A gan shi don kar a maimaita aikin, Malam Bako. Ɗalibi_Tawa, in kun fara tattarawa ku nemo min duk wanda aka yi a kan kunun yaye da tsiron gero, ina da mata a unguwarmu da muke gwada shi tare, ina son in san awon da aka samu kafin in ce musu su ƙara ko su rage.